Tayar da Ba Ta Kwanciya

Talata, da hantsi

Zuwa ga jikana Dogo, mijin da ya gudu ya bar ni da mota,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da wannan jirgin ruwan naku da ka ce ya fi layinmu tsawo. Yaya ɗakin inji, yaya zafi? Kana cin abinci kuwa, ko har yanzu wuyan nan yana nan kamar na zalɓe? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwata ce dai take tsegumi in hadari ya haɗu, shi ya sa gwaggonka Auta take kai ni asibiti duk Alhamis. Ban da wannan garau nake.

Yadda muka saba za a yi: ni in rubuta da hannuna, Auta ta ɗauki hoton takardar ta tura maka, kai kuma ka gani ranar da jirginku ya matso gaɓa wayarka ta samu sabis. Kada ka sake ce min in yi magana a naɗa. Aji huɗu na yi a makaranta, kuma sai na ci moriyarsu tas kafin in bar duniya.

To, gyara zama. Motarka ta jawo mana ƙorafi.

Ka san maƙwabcinmu Mai Ritaya, wanda ya tsufa a aikin gidan waya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, in ya yi atishawa ni nake yi masa addu'a. Amma bawan Allahn nan sai ya zauna ya rubuto min takarda, ya sa a ambulan, ya liƙe, ya zuro ta ƙarƙashin ƙofa. Har da kwanan wata da sa hannu. Wai motar gidan nan ta hana shi baccin rana, wai in Auta ta shigo layi sai ya ɗauka injin niƙa ne ya yi ƙafafu. Na taka turmi na leƙa ta katanga na ce, "Malam, ka manta kan sarki." Ko murmushi bai yi ba.

Da shi kaɗai ne da sauƙi. Telan da ke kwanar layinmu ya ce gilashin shagonsa rawa yake in an wuce. Mai gadin asibiti ya ce shi ba ya ma ɗaga kai, da ya ji rurin sai ya buɗe get. Ita kanta Auta kullum mita, wai ba ta jin rediyo, wai bayan motar yana gwale-gwale kamar akuya ta ci leda. Ta ce in rubuta wa mai mota ya faɗi yadda za a yi. Na rubuta ke nan, na fita haƙƙinta.

Saura nawa ra'ayin, wanda ba wanda ya tambaye ni.

Ka tuna ɗan gurnanin da tayoyin nan suke yi tun kana nan, ƙasa-ƙasa, kamar kyanwar da ta ƙoshi? Tun kana kwanar tela nake gane ka. In tashi in ɗora ruwan shayi, kafin ka rufe get ka wanke hannu ya tafasa. Yau shekara biyu da rabi da tafiyarka, amma in Auta ta taso daga makarantar da take koyarwa, gurnanin ya shigo layi, zuciyata takan yi zumbur kafin hankalina ya ce mata, koma ki zauna, ba shi ba ne. Daƙiƙa biyu ce ko uku, amma ina son abina. Da ƙarar ta ƙaru kuwa, tun daga babban titi nake jiyo ta, sai daƙiƙun nawa suka koma goma. Wannan ne duk unguwa ta taru a kashe min.

Wata shida ya rage kwantiraginka ya cika, ka kuma ce suna lallaɓa ka ka sa hannu a wasu shekara uku. Ni ba ruwana. Ina da manema. Mai Ritaya ma da takardar ƙorafi ya fara, wa ya san abin da ta biyu za ta ƙunsa? Na dai tambaya ne don in san ko in ci gaba da shanya katifarka duk wata, ko in bar ta ta huta.

Amaryarka da ba ta tsufa,
Kaka

Asabar, muna tsaye a tasha ana sauke kaya

Zuwa ga Kakata, amaryar da manema suke kai wa takardar ƙorafi,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki bayan kwana goma sha ɗaya, na karanta a kan matakalar ɗakin inji ina dariya ni kaɗai har ogana ya leƙo ya ga ko lafiya. Lafiyata ƙalau. Wuya yana nan yadda kika san shi, gado ne, ki tambayi wadda na gada. Allah Ya ba gwiwa lafiya. A gaida Gwaggo Auta, a gaida Mai Ritaya, a ce masa ina nan da raina, ya yi a hankali.

Kaka, bari in yi miki bayani yadda za ki ƙure mai taya in ya so yi muku wayo. Tayoyin motar nan ba irin na kowa ba ne, ranfilat ake ce musu. Haƙarƙarinsu ne mai kauri, ko ƙusa ta huda iska ta fice ba sa kwanciya. Za su iya ɗaukar mutum har gida ko wurin gyara in ya bi a hankali, amma na ɗan lokaci ne, ba na kullum ba. Shi ya sa ba safaya a but ɗin motar, ba a ma yi mata wuri ba. Taurin nan nasu shi ne ke kawo gurnanin da kike so. Sai dai wanda kika kwatanta yanzu ya wuce gurnani. Ni aikina ke nan a nan, saurare. Nakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji in kafa kunne a ƙotarta, in ji abin da ke damunsa kafin ya faɗa. A wurinki na koya, ke da kike ƙwanƙwasa kankana a kasuwa kina sauraro kamar likita. Ƙarar da ta canza, magana ce.

Ki tambayi Gwaggo ko wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kunna a gaban sitiyari, wurin agogunan mota. Ita ce ke faɗa in iska ta ragu. Ko ta kunna ko ba ta kunna ba, ku je wurin mai tayar nan na bayan gidan mai, wanda ya ɗaure tabaransa da waya. Mutumin kirki ne, na riga na yi magana da shi. A canza duka huɗun, sun tsufa. Ki ce ya sa irin nasu, ranfilat, amma sabon samfuri, waɗanda ba su da ƙara sosai. Ya ba ku wadda za ta yi shekara huɗu ko biyar ba a waiwaye ta ba. Ku biyu ne mata a gida, ba na son wata rana ku tsaya a bakin titi kuna neman mai ɗaga muku jak.

Maganar kwantiragi, za mu yi ta.

A nan ƙara ba ta ɗaukewa, Kaka. Ko na cire abin toshe kunne na hau sama, tana nan cikin kaina. Wani lokaci nakan tuna tsakar gidanmu da la'asar, in ba abin da ke motsi sai murfin butar shayi.

Af, rubutunki ya ƙara girma. Takarda ta yi araha ne a wurinku?

Mijinki mai dogon wuya,
Dogo

Juma'a, bayan na sha magani

Dogo,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, in ban da kunya da na kwaso jiya, wadda ko a buhu ba za ta shiga ba. Rubutuna kuwa ba shi ya girma ba, biron ne ya yi ƙiba. Ka kula da injinka.

Mun je wurin mai tayarka. Ya ba ni kujerar roba mai ƙafa uku da rabi, ya tsugunna yana shafa tayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar mai taya rago. Da ya zo ta baya ta hagu sai ya dakata. Ya kafa mata abin awon iska, ya cire, ya buga shi a tafin hannunsa, ya sake kafawa.

Ya ce, "Mama, wannan ai ba iska a cikinta. Ko ta hura wa jariri ido babu."

Auta ta ce, "Haba malam, ga ta a tsaye ƙyam!"

Ya ce, "Ai aikinta ke nan, tsayuwa." Ya juya ta, sai ga kan ƙusa yana ƙyalli. Ya ce ta fi wata biyu a ciki. Don dai tafiyar tamu ba nisa, makaranta, asibiti, gida, da tuni ta yi mana tsiya a tsakiyar titi. Ya dubi Auta ya ce, "Malama, fitila ba ta nuna miki ba?"

Ta ce wallahi ba wata fitila, ita kullum idonta na wurin. Ƙarar da take ji in ta tayar da mota kuwa ta ɗauka ta bel ce, tunda ni ba na ɗaurawa sai an yi faɗa.

Sai ya goge hannu ya shiga mazaunin direba. Ya ƙura wa agogunan motar ido. Ya ce, "Wannan saurayin fa?"

To, ga inda gizo ke saƙar. Ka tuna ɗan ƙaramin hoton nan naka na katin aikinka na farko, wanda kunnuwanka suka fito kamar hannun tukunya? Satin da ka tafi na sa Auta ta manna shi da salatif a gilashin agogunan motar, can kusurwa, inda muka ga ba komai sai baƙi. Na ce ka riƙa kallon hanya, kada ka manta layinmu. Mai taya ya sa farce ya ɓanɓare ka a hankali. Dogo, sai ga fitila a bayanka, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, tana ci bal-bal. Wata biyu baiwar Allah tana ihu, kai kuma ka tsaya a gabanta da kunnuwanka.

Irin kallon da Auta ta yi min, da ni ba uwarta ba ce da na sha mari. Na ce mata, "Me kike kallona? Laifin ɗan yayanki ne, tun yana yaro ya iya tare wa mutane haske."

Da aka zare tayar daga ƙarfenta, mai taya ya karkata min ita in gani. Na sa hannu. Cikinta cike da baƙin gari kamar an daka gawayi. Ya ce, "Kin gani, Mama? Ta gama-gari in ta sace sai ta kwanta, kowa ya gani a taimake ta. Wannan kuwa ba ta nuna gajiya. Tana tsaye tana cin cikinta, sai dai mai kunne ya ji a muryarta." Ya ce faci ba zai yi mata ba, ta gama yawo. Sauran ukun ma bakinsu ya cinye kamar haƙoran zarto.

Daga nan ya garo tayoyi biyu ya ajiye a gabana, ya ce in danna da babban yatsa. Ta farko irin wadda ka ce, mai taurin kai, sabon samfuri. Ya ce ƙararta kaɗan ce, kuma ba ta bukatar kowa a hanya. Ta biyu ta gama-gari, mai laushi, yatsana har ya ɗan shige. Ya ce ita ta fi shiru, ta fi daɗin zama, ramin titi ba ya dukan ƙashin bayan mutum. Amma sai an sayi safaya an jefa a but ta cinye wurin kaya, da jak, da abin kwance noti, da kuma mai ƙarfin damtse da zai tsugunna a bakin titi in ta ɓaci.

Na ce masa sai na yi shawara da maigidana. Ya dubi Auta a ɗan tsorace, don ya san kakanka ya daɗe da rasuwa. Ya ara mana wata tsohuwar taya ta kawo mu gida, ya ce kada a sake fita da motar sai an yanke magana.

Yanzu ni da kai. Layin nan naka na karanta shi sau bakwai. Shekara huɗu ko biyar ba a waiwaye ta ba. Su uku suka roƙa, kai har ka yi musu gyara da biyu. Sai kuma ka ce za mu yi maganar kwantiragi, ka sa aya, ka wuce zancen murfin buta. Ni na goye ka tun ranar da aka binne mahaifinka, na san yadda kake yi in ka fasa kofi: sai ka zo kana ba ni labarin kyanwar maƙwabta.

Don haka ga tambaya, kuma ta taya ce kawai, kada ka ɗauka wani abu. Wacce zan ɗauka? In akwai mai ɗaga jak da ke tafe, mai laushin nake so, ƙashin bayana ya gaji da duka. In babu, ka ce min babu. Motar tana rumfa tana jiran bakinka.

Kakarka mai manna hoto

Laraba

Dogo,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Mu muna nan.

Yau sati bakwai. Auta ta ce alamar da ke nuna ka buɗe saƙo ba ta fito ba, wai ƙila kuna tsakiyar ruwa. Na ce mata ƙila. Amma ka taɓa yin sati uku, ka taɓa yin huɗu, ba ka taɓa yin bakwai ba sai da na yi maka tambaya. Shiru ma ai magana ce, kai ka ce aikinka saurare.

Motar ta yi ƙura har kyanwa ta mayar da bonet gadonta. Auta tana hawan ta haya zuwa makaranta tana dawowa da fushi. Mai Ritaya ya zuro takarda ta biyu, ta godiya. Bayan sati uku kuma sai ga shi da ƙafarsa, yana murza hula, wai ko lafiya? Ashe da rurin motar yake sanin lokacin shan maganin hawan jininsa, yanzu duk ya rikice. Na ce, "Malam, sai ka rubuta wa kanka takardar ƙorafi." Ka ga ɗan Adam.

Ni ma na yi fashin Alhamis shida, don na rantse ba zan shiga motar haya ana matse ni kamar kayan wanki ba. Likitan ido har ya aiko Auta da faɗa. Na ce ido? Gwiwa nake nufi. Biro ba ya gogewa, bar shi haka.

Shekaranjiya na ce Auta ta kira mai taya. Na zaɓi mai taurin kai, guda huɗu, irin wadda ka ce. Ya sa su, ya daidaita, fitilar ta mutu. Mutumin bai yi ƙarya ba. Jiya ina zaune a tsakar gida sai kawai na ji sallamar Auta a kaina, da jakarta da komai. Ban ji shigowarta layi ba, ban ji kwanar tela ba. Ko ruwan ban ɗora ba. Unguwa ta samu abin da take so.

Tsohuwar tayarmu da ƙusa ta huda na ce a kawo min ita. Auta ta ce me zan yi da shara, na ce halinmu ɗaya da ita a wahala, ba zan bar ta a bola ba. Hotonka kuma yana cikin jakata, can ba abin da zai tare.

Ka sa hannunka a takardarsu, Dogo. Da gaske nake, ba gatse ba. Ban goye ka don in ɗaure ka a ƙafar gadona ba. Mun samu tayar da ba ta bukatar kowa. Katifar ma na sa an jingine ta.

Allah Ya tsare min kai a kan ruwan nan.

Kaka

Litinin, daga tasha

Kakata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, ki fara kwantar da hankali da wannan. Mun yi doguwar tsallaka, sannan aka tsayar da mu nesa da gaɓa kusan wata guda muna jiran layin shiga tasha. Ƙasa muna hango ta kamar zare, sabis ko ɗigo. Jiya da muka shigo wasiƙunki biyu suka faɗo tare, kuma don rashin sa'a ta biyun na fara buɗewa. Na karanta "ka sa hannunka" ban san me na yi ba. Sai da na koma ta farkon na ga kaina a tsaye a gaban fitila da kunnuwana. Na yi dariya, daga nan kuma abin ya ƙi zama dariya.

Shekara huɗu ko biyar ɗin nan, wallahi maganar taya ce, haka ake faɗin ƙarkonta. Amma ba zan yi miki labarin kyanwar maƙwabta ba. Takardar kwantiragin tana cikin akwatin kayana lokacin da na rubuto miki, kuma niyyata in sa hannu. Na kasa faɗa ne. Kin karanta layin ba daidai ba, amma kin karanta ni daidai.

Yanzu saura ke. Na jera hotunan wasiƙunki tun daga ta farko da na zo jirgin nan. Ta farko layi talatin ne a shafi, a miƙe kamar an ja da rula. Ta jiya layi goma sha ɗaya, kuma kowanne yana gangarowa kamar zai zube daga takardar. Biro ba ya ƙiba, Kaka. Na kira Gwaggo na matsa mata har ta yi kuka. Ta ce yanar ido ce, duka biyun, tun bara. Ta ce likita ya ce a yi aiki, kin ce sai Dogo ya dawo, don in an kwance bandeji shi kike so ki fara gani. Kin kuma sa ta rantse ba za ta faɗa min ba, wai kada in dawo don tausayi. Ban ce ta miƙa miki wayar ba don na san ki, a baki zillewa za ki yi ki mayar da abin wasa. A takarda ba ƙofar gudu.

Ashe ba a mota kaɗai kika manna hotona a kan fitila ba.

Ba zan yi miki faɗa da yawa ba, don tare aka kama mu. Ni ma tun bara nake tafiya ba iska. Ina aiki, ina ci, ina aiko da saƙo, kowa ya gan ni ya ga mutum a tsaye. Na ɗauka abin da ake nema a wurina ke nan, in tsaya, in riƙa aikowa. In na hau saman jirgi da yamma ba abin da nake yi sai lissafin cewa yanzu Gwaggo ta shigo layi, yanzu kin ɗora ruwa. Ban san kina ɗora shi da sunana ba.

Yau da safe na mayar wa oga takardarsa yadda ya ba ni, fara fat. Ya ce in yi tunani, na ce ai tunanin ne ya cinye ni. Ba tausayi ba ne, kada ki soma. Akwai injuna a tudu, su ma suna bukatar mai kunne. Sati goma sha ɗaya ya rage in sauka.

Amma da sharaɗi, amarya. Ki koma asibiti Alhamis ɗin nan, a sa ranar aiki, kada ki jira ni. Motar ta daina ƙara, ni kuma a ƙafa zan shigo layi da jaka a kafaɗa. In ba ki gyara idon ba, da me za ki gane ni daga kwanar tela?

Tayar da kika zaɓa ta yi, kada ki ji komai. In sun tsufa ni zan zaɓi na gaba, kuma mai laushi za a sa.

A sauko da katifa.

Naki,
Dogo

Lahadi, da la'asar

Zuwa ga Dogo, sarkin sa ido,

Assalamu alaikum. Dubi rubutun nan da kyau. Ƙirga layukan, tunda ƙirga ta zame maka sana'a. Ashirin da shida, kuma ba wanda ya zame.

An yi aikin idon hagu, yau kwana goma sha biyu. Ba zafi, sai dai tsoro, shi ma na ɓoye shi a ƙarƙashin mayafi. Da aka kwance bandeji abin da na fara gani Auta ce tana hawaye, hancinta ya yi ja. Na ce, "Ikon Allah, duk wahalar nan don in ga wannan?" Ita da ta tona min asiri, ban gama da ita ba tukuna.

Dogo, ashe duniya ta yi datti haka ba wanda ya faɗa min? Na ga yanar gizo a ɗakinka har hawa uku. Na duba madubi na ce wa ya shigo min da wannan tsohuwar gida. Na leƙa ta katanga na ga Mai Ritaya da idon gaske, to, ka kwantar da hankalinka, na janye, ba ka da abokin takara. Na fito da hotonka ma na duba. Kunnuwan sun fi yadda nake tunawa. Ba mamaki da suka jiyo ni daga tsakiyar teku.

Maganar faɗan da ka yi min, na ji. Ba zan ce ka yi gaskiya ba, don ba a saba ba. Na dai sa Auta ta nuna min duk fitilun motar ɗaya bayan ɗaya, kuma yanzu in mun shiga ni nake tambaya, "Ba abin da ya kunna?" Ta ce na fi fitilar damu. Tayoyin naka kuwa ba laifi. Jiya mun bi ta kan ramin gaban gidan mai, ƙashin bayana ya ce a gaishe ka, amma yana jiran mai laushin da ka yi alkawari.

Na dama ban yarda an taɓa shi ba. Likita ya ce ko ma na yarda sai na farkon ya warke, ka ga ni da shi bakinmu ɗaya. Ɗaya na gyara don in hango ka. Ɗayan na ajiye maka, kai za ka tuƙa ni, ka zauna a bencin nan mai sanyi ka ji yadda jira yake.

Tsohuwar tayar ta samu aiki. Na sa an gara ta ƙofar gida, an ɗora mata katako da matashi. A kanta nake zaune yanzu haka, takardar tana kan cinyata. Daga nan ana ganin kwanar tela sarai, har zaren da ke rataye a wuyansa. Mai Ritaya ya ce ta tare hanya, zai rubuto. Na ce ya rubuto, yanzu ina iya karantawa da kaina, har kurakuransa zan gyara masa.

Katifa tana rana. Abu ɗaya ne ya rage ban san yadda zan yi da shi ba, ruwan shayi. Da gurnani ne yake faɗa min lokacin ɗorawa, yanzu babu. Don haka kullum in la'asar ta yi sai in ɗora kawai, in fito in zauna. In ya tafasa ba ka ɓullo ba, in miƙa wa Mai Ritaya kofi ta katanga ya sha maganinsa, in shanye sauran. Na san da saura. Auta ta ce ɓarnar gas nake yi. Na ce mata gwaji nake, kada ranar ta zo hannuna ya manta.

Saura Alhamis bakwai. Ga shi can murfin ya fara motsi, bari in tashi.

Amaryarka mai ido ɗaya sabo,
Kaka